Lokacin Jira: Shirin Kirsimeti a Wurin Mabiya Ɗariƙar Katolika a Ƙasar Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ƙasar Hausa ya san Kirsimeti, ko da a matsayin ranar da ake rufe ofisoshi ne, maƙwabta Kirista su aiko da shinkafa da nama. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a wurin mabiya ɗariƙar Katolika wannan rana ba haka kawai take faɗowa ba. Akwai Lahadi huɗu da suke gabatarta, kowace da karatunta da addu'o'inta. Sunan wannan lokaci da Latin shi ne adventus, watau isowa, kalmar da Rumawan dā suke amfani da ita in sarki zai shigo wani gari. A wannan takarda za mu kira shi Lokacin Jira, domin jira shi ne aikin da aka ɗora wa mai bi a cikinsa.

Manufar takardar ita ce a bayyana asalin wannan lokaci da tsarinsa, sa'an nan a dubi yadda yake samun mutumin da ke zaune a fadamar Kogin Haɗejiya. Abin da nake son in nuna shi ne, alamomin da aka fi sanin lokacin da su an ƙago su ne a ƙasar sanyi da duhu, saboda haka ba su faɗa wa mutumin Haɗejiya abu mai yawa. Amma karatun da aka tsara a yi a cikinsa, wanda ke maganar ambaliya da masussuka da jiran manomi, kusan a ce da shi ake.

2.0 Asali da Tsari

Ba a Roma Lokacin Jira ya fara ba. Alamarsa ta farko ta fito ne daga Sifen, inda taron bishop-bishop na Saragosa a shekarar 380 ya hana masu bi ƙaurace wa majami'a daga 17 ga Disamba zuwa 6 ga Janairu, ko da yake masana sun sha bamban a kan ko wannan shi ne tushensa na ainihi. Wanda ya fi fitowa fili shi ne na Faransa. Wajen ƙarshen ƙarni na 5 Bishop Farfetuwas na birnin Tur ya kafa azumin kwana uku a kowane mako, daga idin Waliyyi Martin ran 11 ga Nuwamba har zuwa Kirsimeti, taron Makon na shekarar 581 kuma ya ayyana ranakun da cewa Litinin da Laraba da Jumma'a ne. Da al'adar ta isa Roma sai aka sassauta azumin, aka mai da hankali ga addu'a da karatu, aka kuma rage makonnin daga shida zuwa huɗu, abin da ake dangantawa da zamanin Fafaroma Giregori Babba, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604. Birnin Milan dai har gobe shida yake yi.

Tsarin da ake bi yanzu shi ne wanda Fafaroma Bulus na Shida ya tabbatar a 1969, bayan Babban Taron Fatikan na Biyu. Lokacin yana farawa ne ran Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wadda ba ta wuce tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, saboda haka tsawonsa daga kwana 22 ne zuwa 28. Da wannan Lahadi ce shekarar ibada ta Katolika take farawa. An kasa shi biyu. Daga farko zuwa 16 ga Disamba hankali yana kan dawowar Almasihu a ƙarshen zamani da hisabin da zai biyo baya. Daga 17 zuwa 24 sai a juya ga labarin haihuwarsa. Watau jira biyu ne aka haɗa, na abin da ya riga ya faru da na abin da bai zo ba tukuna. Maganar dawowar Annabi Isa ba baƙuwa ba ce a kunnen Musulmi, ko da yake abin da kowane ɓangare yake nufi da ita ya bambanta ƙwarai.

A cikin majami'a ana gane lokacin da abubuwa kaɗan. Fada yana sa tufafi shunayya maimakon kore. Ana ajiye waƙar ɗaukaka da ake kira Guloriya a Misar Lahadi, don a dawo da ita da sabon ƙarfi a daren Kirsimeti. Ana taƙaita furanni a bagade, a rage kiɗa. Lahadi ta uku kaɗai ake ɗan saki, har a yarda Fada ya sa ruwan hoda, alamar an ci fiye da rabin tafiya. Azumi kuwa ba wajibi ba ne yanzu a Ikilisiyar Yamma, sai wanda ya so. Ikilisiyoyin Gabas su ne suka riƙe azumin kwana 40 daga 15 ga Nuwamba. Mai son kwatance yana iya tuna yadda Musulmi ke ɗaukar Sha'aban a matsayin share fagen Ramalan. Amma akwai bambanci guda da ya shafi batunmu kai tsaye. Watannin Musulunci suna zagaya shekara, azumi ya faɗo yau a bazara, wata shekara a damina. Lokacin Jira kuwa da lissafin rana yake tafiya, don haka kullum a wuri ɗaya yake samun mutumin Haɗejiya: ƙarshen kaka, farkon hunturu.

3.0 Jama'ar da Ake Magana a Kanta

Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, tana ƙarƙashin Dayosis ɗin Katolika na Kano ne. A wannan shekarar ce aka yanke yankin Kano daga Kaduna, ya zama cikakken dayosis a 1999 a hannun Bishop Patrick Sheehan, mutumin Ailan, wanda Bishop John Namaza Niyiring ya gada a 2008. Mabiya Katolika a ƙasar Haɗejiya 'yan tsiraru ne a tsakiyar jama'ar Musulmi, galibinsu kuma baƙi ne da kasuwanci ko aiki ko karatu ya kawo: 'yan kasuwa daga Kudu, ma'aikata da malaman makaranta da jami'an tsaro daga Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai, da masu yi wa ƙasa hidima. Wannan tsohuwar hanya ce, tun da jirgin ƙasa ya ratsa Malam Madori ya kai Nguru a 1930. Hausawa 'yan Katolika na asali, waɗanda yawancinsu daga Maguzawa suka fito, sun fi yawa a kudancin Kano da wajen Malumfashi, garin da ya fitar da Bishop Gerald Mamman Musa, wanda aka keɓe a Disambar 2023 ya riƙe sabon Dayosis na Katsina.

Abubuwa biyu ne suke fitowa daga wannan. Na ɗaya, jama'a ce mai harsuna da yawa, Hausa da Ingilishi ne suke haɗa ta. Na biyu, jama'a ce da rabin zuciyarta take wani gari, kuma a Disamba ne wannan rabin yake kira.

4.0 Alamomin Ƙasar Sanyi

Alamar da ta fi shahara ita ce zoben ɗanyen ganye, mai kama da babban gammo, da ake kafa wa kyandir huɗu, a kunna ɗaya ran Lahadi ta farko, a riƙa ƙarawa har su cika. Mutane da yawa suna zaton tun zamanin manzanni take. Ba haka ba ne. Wani fasto na ɗariƙar Luta, Johann Hinrich Wichern, shi ya ƙago ta a birnin Hambog na Jamus a 1839, don yaran gidan marayunsa da suka dame shi da tambayar saura kwana nawa. Katolika ba su ɗauka ba sai a ƙarni na 20.

Ma'anarta a can a fili take. A Hambog, a ƙarshen Disamba, yini bai kai awa 8 ba, itatuwa sun zubar da ganye, ƙasa ta daskare. Wanda ya ga ɗanyen ganye da hasken da ke ƙaruwa mako bayan mako ba sai an yi masa tafsiri ba. To, a Haɗejiya fa? Yinin da ya fi gajarta a nan ya haura awa 11. Duhun da muka sani na hazo ne, ba na faɗuwar rana da wuri ba. Ɗanyen ganye kuma ba abin mamaki ba ne ga wanda ya leƙa fadama ya ga albasa da alkama suna tasowa. Na taɓa tambayar wasu ɗalibaina Kirista abin da ganyen yake nufi. Wanda ya fi ƙoƙari a cikinsu ya ce ado ne. Ban ga laifinsa ba. Ba ina cewa a jefar da zoben ba, domin yara suna son ƙirgen kyandir a ko'ina suke, wannan kuwa shi ne ainihin dalilin da aka yi shi. Abin da nake cewa shi ne, malamin da ya ɓata wa'azinsa yana bayanin hunturun Turai ya bar jaki yana dukan taiki.

5.0 Karatun da Fadama

An tsara karatun Lahadi a kan zagayen shekara uku: ta farko Bisharar Matiyu, ta biyu Markus, ta uku Luka. Bari mu ɗauki shekarar Matiyu, domin ita ta fi dacewa da abin da muke nema.

Ran Lahadi ta farko ana karanta sura ta 24, inda aka kwatanta zuwan Almasihu da kwanakin Nuhu, mutane suna harkokinsu na yau da kullum har ruwa ya zo ya tafi da su. Darasin shi ne a zauna a faɗake. Sai mu tuna yadda Kogin Haɗejiya yake. Ruwansa ba na nan ba ne; daga kogin Kano da na Challawa yake tarowa, ya biyo ta Wudil, ya bazu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ba ta da gangare sosai, kafin ya haɗu da na Jama'are ya nufi Tafkin Chadi. Saboda haka ana iya wayar gari sama tas, ba ko gajimare, amma ruwan da aka yi can nesa kwanakin baya yana hanya. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canja lokacin zuwansa da yawansa, kachala kuma ta toshe magudanu da dama, har ruwan ya riƙa bin inda ba a saba ba. Mutumin Auyo ko Guri ko Kiri Kasamma ya san ma'anar kwana a kan jinga da buhunan yashi da fitila, ana sauraron inda za ta ɓalle. A 2022, shekarar da ambaliya ta yi mummunar ɓarna a Jigawa, Lahadin farko ta Lokacin Jira ta faɗo ran 27 ga Nuwamba, kuma wannan karatu na Nuhu shi ne wanda tsari ya ajiye wa ranar a duk majami'un Katolika masu bin tsarin Roma. Ba na jin akwai inda ya fi sauƙin fahimta a ranar kamar nan.

Abin lura a nan shi ne irin jiran da ake nufi. Hausa tana da jira iri-iri. Akwai jiran gawon shanu, na wanda ya zauna yana sa ran abin da ba shi da tabbas. Akwai jiran mai gadi, wanda idonsa biyu. Akwai kuma na mai tsaron jinga, wanda ba ya zaune ma sam, yana ɗura yashi ne yana toshe ɓaraka tun ruwa bai iso ba. Na ƙarshen nan shi ne abin da malaman Katolika suke nufi in sun ce a shirya, ɓarakar kuwa ita ce halin da mutum ya san yana da shi ya yi ta ɗaga gyaransa.

Lahadi ta biyu ta Yahaya Mai Baftisma ce, a sura ta 3. An bayyana shi a jeji, abincinsa fāra da zuma. Mai karatu a Turai sai an yi masa dogon bayani kafin ya yarda mutum yana cin fāra. A nan kuwa yaro ya san kuɗin gwangwaninta. Wa'azin nasa kuma da harshen masussuka aka yi shi: mai sheƙa ya zo, zai raba tsaba da ƙaiƙayi, tsaba ta shiga rumbu, ƙaiƙayi a sa masa wuta. A daidai makon da ake wannan karatu ana yankan shinkafa a fadama ana bugu, iskar hunturu tana kwashe ƙaiƙayi a idon kowa. Wanda ya taɓa ganin dami mai kyan gani ya ba da tsaba kaɗan ya riga ya san abin da ake tsoratar da shi.

Lahadi ta uku ita ce ta fi ba ni sha'awa. Ana karanta sura ta 35 ta Annabi Ishaya, mai maganar busasshiyar ƙasa da za ta yi fure, sa'an nan a biyo da sura ta 5 ta Wasiƙar Yakubu, inda aka ce masu bi su yi koyi da haƙurin manomi mai jiran ruwan fari da na ƙarshe. Ƙasar Falasɗinu da hunturu take samun ruwanta, saboda haka a can karatun ya dace da sama. A nan an yi sallama da ruwan sama tun Oktoba, ba kuma za a sake ganinsa ba sai wajen Yuni. A tudu ke nan. Amma fadama tana da nata lissafin. Ruwan da ya yi ɓarna a Satumba shi ne yake janyewa ya bar laima da taki, a bi shi da wake da kayan lambu. Masunta su tare kifi a tafkunan da suka rage. Masu noman rani su zuba alkama daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, domin tana bukatar sanyin nan, wanda ya makara kuwa zafin Maris ya same ta ba ta ƙosa ba. Har tsuntsayen da suke ƙetaro Sahara daga Turai a wannan lokaci suke sauka a Baturiya. Watau manomin fadama yana shuka ne a lokacin da na tudu ya rataye fartanya, yana kuma jiran abin da ba zai gani ba sai bayan wata uku ko huɗu. Ga shi ruwan da ya tsorata a Lahadi ta farko shi ne yake ci da shi a ta uku. Tauhidin Katolika yana faɗar haka game da zuwan Almasihu, cewa hukunci ne kuma jinƙai ne a lokaci guda, abin da yakan yi wa ɗalibai wuyar haɗiya a aji.

Lahadi ta huɗu ta Maryamu ce da Yusufu, jiran mai ciki, wanda ba ya bukatar sharhi a kowace ƙasa.

6.0 Addu'a da Gyaran Zuciya

Babban aikin lokacin shi ne iƙirari, watau furta zunubi a gaban Fada. Dokar da ta wajabta shi aƙalla sau ɗaya a shekara ta samo asali ne daga Taron Lataran na Huɗu a 1215, ba ta kuma ɗaure shi da wannan lokaci ba, amma al'ada ta sa ana yinsa kafin Ista da kafin Kirsimeti. A nan ne ƙarancin firistoci yake ciwo. A ƙananan majami'un da Fada ba ya samun zuwa kowace Lahadi, katekis ne yake jagorantar jama'a, ya yi karatu, ya yi bayani, ya ja addu'a, kamar yadda umarnin Fatikan na 1988 ya tsara. Amma katekis ba ya yin Misa, ba ya karɓar iƙirari. Saboda haka ranar da Fada zai zo ita kanta abin jira ce, wanda kasuwa ko ban-ruwa ya hana shi zuwa ranar kuwa sai ya nemi mota.

Sauran addu'o'in na gida ne. Akwai Anjelus, wadda ake yi da ƙarfe 6 na safe da 12 na rana da 6 na yamma don tuna albishir ɗin da mala'ika ya kawo wa Maryamu; roƙon da ake rufe ta da shi shi ne kuma addu'ar buɗe Misa ta Lahadi ta huɗu. A garin da kiran salla yake yanka yini gida biyar, tsayawa a yi addu'a a kan lokaci ba ya ba kowa mamaki. Akwai Rosari, da ake ja da carbi, inda ake fifita ɓangaren da ke bin labarin cikin Maryamu da haihuwa. Ran 8 ga Disamba idi ne nata. Daga 17 zuwa 23 kuma akwai gajerun roƙo bakwai na addu'ar yamma, kowanne yana kiran Almasihu da wani laƙabi daga littattafan annabawa, tsarin da duk wanda ya san kirari zai gane nan take.

Sai sadaka. A shekarar Luka, ran Lahadi ta uku, ana karanta amsar da Yahaya ya ba masu tambayarsa abin da za su yi: mai riga biyu ya ba marar ita, mai karɓar haraji kada ya ƙara a kan ƙa'ida, soja kada ya yi ƙwace. In aka dubi sana'o'in waɗanda suke zaune a kan bencin majami'a a gari irin Haɗejiya, za a ga ba a bar kowa a baya ba. Maganar riga kuma ba misali ba ce a watan da almajirai suke kwana suna rawar ɗari.

7.0 Tafiya Gida

Matsalar da ta fi kowace girma ba ta tauhidi ba ce. Littafi ya ce a natsu, a rage ado, a yi shiru. Amma a Nijeriya makonnin nan su ne mafi hayaniya a shekara. Ana fitowa ne daga jerin gwanon idin Almasihu Sarki, wanda ake yi ran Lahadin da ta gabaci Lokacin Jira, da bikin godiyar kaka da gwanjonsa, wanda majami'u da yawa suke dogara da shi wajen samun kuɗin gini. Ɗan kasuwa yana tsakiyar cinikin shekara, yana bin bashi ana binsa. Disamba kuma watan aure ne, ga shi dokar dā da ta hana shagalin aure a wannan lokaci an sassauta ta, sai dai a ja hankalin ma'aurata su yi la'akari da yanayinsa.

Daga tsakiyar wata sai a fara ɗaure kaya. Makarantu sun rufe, masu hidimar ƙasa sun tafi, iyalai suna neman motar Onica ko Kafanchan ko Makurɗi tun kuɗin mota bai ninka ba. Watau a daidai kwanaki takwas ɗin nan na 17 zuwa 24, da tsari ya ɗauka su ne ƙololuwar shiri, jama'ar tana raguwa ne. Mawaƙan da suka yi wata guda suna koyon waƙoƙin Kirsimeti a wata majami'ar za su rera su. A ganina wannan ya isa dalilin da zai sa masu tsara ibada a irin waɗannan garuruwa su matso da iƙirari da ja-da-baya na addu'a zuwa mako na farko da na biyu, maimakon su kwaikwayi jadawalin garuruwan da jama'a suke komawa. Ya kamata kuma a koya wa iyalai addu'o'in kwanakin ƙarshe yadda za su iya yinsu a tasha ko a cikin mota, tun da a can za su same su.

Waɗanda suka rage su ne waɗanda aiki ya riƙe, da marasa kuɗin mota, da waɗanda suka daɗe har nan ɗin ya zama gida. Tun bayan harin bam da aka kai majami'ar Waliyyiya Tereza a Madalla ran Kirsimetin 2011, majami'u da yawa a Arewa sun matso da Misar dare zuwa farkon dare ko yamma. Su ne za su kunna kyandir na huɗu a majami'ar da rabinta ba kowa, su share ta, su kafa ɗan kwatancen bukkar haihuwa da karan dawa da ciyawa, kayan da a nan ba sai an saya ba.